Layi Ɗaya a Kundin Kaka

Ajingi,
Lahadi, 19 ga Oktoba.

Zuwa ga Gwaggona Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo gaisuwa cikin ladabi da girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Baban Zulfa da dukkan mutanen gidan. Yaya ƙafar taki? Zulfa ta ce tun da kuka koma Fatakwal gwiwar ba ta barin ki sakat idan an yi ruwa, ga shi kuma garin naku ruwa ba ya ɗaukewa. Allah ya yaye miki, ya sa kaffara ne, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana mai albarka. Kullum kina cikin addu'ata, kin kuma san ba faɗar baki nake yi ba.

Mu ma nan duk lafiya, sai godiyar Allah. Baba yana nan ƙalau, ban da ciwon bayan nan da ke taso masa duk kaka. Idon Inna ya yi sauƙi tun da aka sauya mata magani a Gaya, har ta koma zura zare a allura da kanta. Dada, mahaifiyar Inna, ta zo daga Kademi ta yi mana kwana shida, jiya aka mayar da ita, tana ta mitar cewa tuwon gidanmu ba ya tauri. 'Yar'uwata Batula ta yi arba'in a Balan, jaririyar ta yi ɓul-ɓul. Gero ya shigo gida, gyaɗa kuma bana ta yi kyau ƙwarai, musamman ta gonar gabas, har yanzu tsakar gida cike take da shanya, ba inda mutum zai taka.

Gwaggo, za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san a gidan nan ba inda waya ke kamawa sai bakin zaure, kuma duk abin da mutum ya faɗa a nan, kafin ya juya ya isa madafa. Ban da haka, ina so in jera miki maganar daki-daki, ba tare da kuka ya katse ni ba. Direban da ke kai wa Baban Zulfa albasa zan ba wa gobe da safe. Don Allah ki karanta da kanki, kada ki ba Zulfa. Maganar a kan kundin Kaka ce, da abin da za a rubuta a ƙarƙashin sunana. Na kuma yi wani abu ba da izininki ba, wanda ya jawo sunanki cikin lamarin, shi ya sa nake neman ki ji komai daga bakina.

Kin fi ni sanin kundin, tunda a gabanki mahaifinku Malam Gaji ya riƙa buɗe shi: takardun nan da ya taho da su daga Borno a cikin gafaka, inda ake rubuta sunan duk ɗan gidan da ya sauke Alƙur'ani, da ranar saukar, da 'yan kalmomi a kan yadda ya yi karatun. Kin san kuma da kundin ya dawo hannun Baba, shi ya ce ilimin boko ma ilimi ne, duk wanda ya gama jami'a za a ƙara masa shigarwa ta biyu. Tun ina 'yar aji uku nake leƙen takardun nan duk ranar da aka fito da su shan iska. Domin su na dage na koyi ajami. A jami'a, duk lokacin da karatu ya yi mini nauyi, abin da nake hangowa ke nan: hannun Baba riƙe da alƙalamin kara, yana rubuta Khaula. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har ke.

Kamar yadda kika ji, sakamakona da na Yaya Badruddeen sun fito a wata ɗaya, sai Baba ya ce a haɗa walima guda. An yi ta ranar Asabar, sha ɗaya ga wata, bayan azahar. An yanka rago, mutane sun zo daga Gaya da Kademi da Balan, tabarmi har bakin hanya. Mu mata muna ciki, amma an buɗe ƙofar tsakiya an kuma sa lasifika, ana jin komai. Na ba da wayata aka ajiye kusa da Baba don in ɗauki jawabinsa in tura miki. Ban tura ba, yanzu za ki ji dalili. Jawabin ya yi minti ashirin da shida da daƙiƙa arba'in. Na saurare shi sau bakwai. Abin da ya faɗa a kaina daƙiƙa goma sha huɗu ne.

Ba zan rage masa komai ba, jawabi ne mai kyau, ban taɓa jin Baba ya yi magana haka ba. Ya fara da ranar da aka kori Yaya daga karatun injiniya a shekararsa ta biyu. Ya ce har gobe yana ganin katifar nan ɗaure a saman bas, da yadda yaron ya sauka kafin tasha ya biyo ta bayan gidaje don kada a gan shi, ya zo ya durƙusa a zaure ya ce Baba, sun kore ni, laifina ne, ban yi karatu ba. Ya ce a ranar ya so ya ɗaga hannu, sai ya ga ba abin da duka zai ƙara wa wanda ya riga ya faɗi gaskiya. Ya ba da labarin damina biyu da suka yi tare a gona, Yaya da littafi a aljihun riga, samari suna wucewa suna ce masa sannu da aiki injiniyan fartanya. Ya faɗi yadda ya sake zama jarrabawar shiga jami'a sau biyu bai samu ba, ya je ya yi difloma, daga nan ya koma jami'a karatun noma yana aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa. Ya ce duk faɗuwar da yaron nan ya yi, a gabansa ya zo ya zauna ya faɗa, suka ɗauki abin tare. Wai shi da yake ganin shi ne zai koya wa ɗansa haƙuri, ashe shi za a koya wa. Daga nan kuka ya ƙwace masa, a cikin faifan ana jin tarin mutane da kukan akuya har daƙiƙa talatin da ɗaya. Inna tana gefena tana share hawaye da bakin mayafi. Ni ma na yi kuka, Gwaggo, amma Allah ya sani kukana ba irin nasu ba ne.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce ita kuwa Khaula, alhamdu lillahi, ba ta taɓa ba mu wahala ba, ta shiga lafiya ta fita lafiya, ko sau ɗaya ba ta faɗi ba, Allah ya yi mata albarka. Shi ke nan. Aka ce amin, aka shiga raba abinci. Kafin a tashi ya karanta abin da ya tsara zai shigar a kundi, wanda ya fara rubutawa da fensir a takarda daban. Na Yaya layi goma sha tara. Nawa layi ɗaya: sunana, sunan uba da na kaka, karatun ƙididdiga, da shekara.

Na san abin da za ki ce, ni ma na faɗa wa kaina. Ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙa goya ni zuwa makarantar allo, kuma ya sha wuya ta gaske. Amma tunda na ce zan faɗa miki gaskiya, to ga ta. Tun ranar nake jin kishinsa duk lokacin da na gan shi. Shi shekara goma ya yi, ya fito da daraja ta uku. Ni shekara biyar da wata takwas, ciki har da zaman korona da yajin aiki waɗanda ba laifina ba ne, na fito da daraja ta biyu ta sama. Shi Baba ya cire babbar rigarsa mai aska takwas ya sa masa a gaban jama'a. Ni an yi mini ɗinki mai kyau, ban raina ba, amma tela ne ya miƙo mini. Tsofaffin da suka shigo gaishe da Inna duk maganarsu ɗaya ce, wai Badaru ya yi ƙoƙari, Badaru namiji ne. Idan sun juyo kaina sai su ce ke dama ai ƙwaƙwalwa ce da ke, kamar wadda aka ba wa digirin a leda. Baffa Maiwada ya leƙo yana sakace, ya ce ina Hajiya Ƙididdiga, zo ki ƙirga mana ƙasusuwan ragon nan mu ji ko an yi mana ƙwange. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Shi kansa Yaya da ya shigo, rigar tana jan ƙasa, ya ce ke Kwamfuta, yau dai ki yi haƙuri, ranar 'yan bayan aji ce. Da wasa ya faɗa, na sani. Na ce masa Allah ya sanya alheri, amma ban iya kallon fuskarsa ba. Har a salla sai in tsinci kaina ina lissafa layukan nan, in yi istigfari, in sake komawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar Baba ba daidai ba ce, kuma ni da ke kaɗai muka san haka. Kin tuna shekarata ta biyu, lokacin kuna zaune a Kano, da taifod ya kwantar da ni ana tsakiyar jarrabawa. Kwana tara na yi a asibiti, ke kika yi jinyata, leda goma sha ɗaya ta ƙarin ruwa aka sa mini. Darasi biyu suka wuce ni, aka rubuta mini faɗuwa, sai a shekara ta uku na sake zama na ci su tare da 'yan ƙasa da ni. Kin tuna Baba ya kira ki a kwana na huɗu yana cigiyata, na riƙe miki hannu ina girgiza kai, kika ce masa ina ɗakin karatu na kashe waya. Na ƙarshen kuma a waya na faɗa miki, kun riga kun tashi: kwamfutar da aka ɗauke a ɗakinmu saura mako shida in miƙa aikin bincikena, na koma kan takardun tambayoyi ɗari da ashirin na sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar aro. Duk wannan, idan na zo hutu Baba ya ce yaya karatu, sai in ce lafiya lau. Takardar sakamako da Turanci take, bai taɓa cewa a karanta masa ba, ya yarda da bakina.

Ke ma kin san abin da ya sa. Ranar da takardar shigata jami'a ta zo, Baffa Maiwada da wasu suka taru a zaure suna cewa yarinya mai tsoro irin wannan, wadda ko kasuwa ba ta zuwa ita kaɗai, ba za ta yi shekara a Kano ba. Ina bayan ƙofa da butar shayi na ji Baba ya ce su bar ta ta je, ranar da ya ji wata matsala ko guda ɗaya, da ƙafarsa zai je ya ɗauko ta. Ban taɓa mantawa da kalma ɗaya a ciki ba. Ko guda ɗaya ya ce. Shi ya sa na sa kika yi mini rantsuwa a gadon asibiti, duk da kin ce mini ba kya son wannan hanya, kuma wata rana za ta ɓalle.

To ta ɓalle ranar Alhamis da ta wuce, kuma ni na ɓalle ta. Bayan la'asar Baba yana zaune a tsakar gida yana ware gyaɗar iri, Inna ta shiga maƙwabta barka, Yaya ya tafi Gaya. Ya kira ni in taya shi. Muna cikin yi sai ya ce ranar Juma'ar farko ta sabon wata zai dama tawada ya shigar da mu, in duba masa takardar fensirin ko shekarar daidai take, tunda ni ce mai lissafi. Na karɓa na duba. Shekarar daidai take. Da na yi shiru na miƙa masa, da shi ke nan. Amma idona ya sauka kan na Yaya a sama, layi bayan layi har da maganar katifa, ga nawa a ƙasa kamar an manta an ƙara. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce Baba, shekarar daidai ce, amma abin da ka faɗa ranar walima akwai gyara, na faɗi, darasi biyu. Ya ɗago ya ce me na ce. Sai na zayyana masa komai, da ranaku da sunan asibitin da lambar gado. Ina magana ina jin kaina kamar mai karanta rahoto, na kasa tsayawa. Kuma kada in yi miki ƙarya, ba tsoron Allah ne ya sa na faɗa ba, ba kuma son gaskiya ba. So nake a ƙara mini layi.

Na ɗauka zai yi faɗa, ko kuma ya ce sannu, ashe kin sha wuya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana juya ƙwayar gyaɗa guda a hannunsa, sannan ya tambaye ni wa ya yi jinyar. Na ce ke. Ya ce ranar da ya kira Yaya Falmata ta ce ina ɗakin karatu fa. Na ce ina kwance a gabanki, ana sa mini leda ta shida. Ya ce wato 'yarsa tana kwance rai a hannun Allah, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga ƙofar gidansa, shi kuma yana kasuwa yana faɗa wa mutane Khaula tana can tana ta karatu. Ya ce me ya yi mini da zafi haka. Na tuna masa maganar zaure, kalma da kalma. Gwaggo, wallahi bai tuna ba. Sai da na faɗi waɗanda suke wurin da inda kowa ya zauna, sannan ya ce la ilaha illallahu, ai wannan don ya rufe bakin Maiwada ya faɗa, wane uba ne zai cire 'yarsa daga karatu don ta yi zazzaɓi. Ya ce shekara biyar ina ɗauke da maganar da shi kafin magariba ya manta da ita, kuma ban taɓa zuwa na ce Baba da gaske kake ba.

Abin da ya faɗa bayan nan shi ne ya hana ni sukuni. Ya ce in daina ganin ya fifita Badaru. Da ya zauna tsara nawa, kwana biyu takardar tana gabansa, ya rasa abin da zai sa. Ya laluba ko'ina a ransa bai sami komai ba sai lafiya lau, lafiya lau. Badaru ya ba shi shekara goma na kuka da shawara da zaman gona, ni kuwa na ba shi sakamako kawai. Ya ce a wurin walima yana yabona yana jin kunya, don ya ga kamar 'yar maƙwabta yake yabo. Sannan ya ce ashe akwai wadda na ba wa nawa shekarun, ba dai shi ba. Ya share hawaye da hannun riga, ya tattara gyaɗar ya shige ɗaki, ranar ko abincinsa bai taɓa ba.

Na zaci idan ya sani kishin nan zai sake ni. Bai sake ni ba, sauya wuri kawai ya yi. Jiya da safe ina shara na ga su biyu a gindin darbejiya suna shan koko a kwano ɗaya, Yaya yana tsokanarsa wai bayan nan ba ciwo ba ne, tsufa ne ya zo gaisuwa, Baba yana ce masa tafi can, mai digirin dattawa. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsu. Ni ban san yadda ake yin wannan da Baba ba. Ban taɓa sa shi dariya ba, ban taɓa sa shi kuka ba sai shekaranjiya waccan, shi ma ba irin wanda nake so ba. Yaya ya kwaso duk abin kunyarsa ya zube a gabansa, ya sami uba. Ni na tattare nawa tsaf na ɓoye, ina jiran a yaba mini. Wa zan ce ya cuce ni? Duk da haka idan na ji dariyarsu sai raina ya ɓaci, Allah ya yafe mini.

Yau bayan azahar ya aika Inna ta kira ni. Na tarar ya fito da gafakar ya buɗe kundin a kan buzu. Ya nuna mini wurare da yatsa ya ce in karanta da ƙarfi. Na Baffa Maiwada an rubuta cewa ya gudu daga makaranta sau uku, na ƙarshen a tashar Gaya aka kamo shi. Nasa shi kansa, da hannun Kaka, an ce ya sauke a makare saboda son wasan langa. Ban taɓa lura da su ba, ni sunaye da shekaru kawai nake bi. Ya ce kundin nan ba na kirari ba ne, abin da ya faru ake sawa, daɗi da ɗaci, don jikoki su san mutane ne suka gabace su. Saboda haka ya ba ni zaɓi. Ko ya shigar da layina ɗaya yadda yake, sunana da karatuna da shekara, babu ƙarya a ciki, babu kuma wanda zai ƙara sanin komai. Ko kuma ya rubuta duka: ciwon, da faɗuwar, da sake zaman, da kwamfutar, har da cewa na ɓoye wa mahaifina shekara biyar, kuma yayarsa Falmata ce ta yi jinyata ta kuma taya ni ɓoyewa. Ya ce ba zai ɗauki rabin da ke mini daɗi ya bar rabin ba. Kuma ba zai sa sunanki ba sai kin yarda da bakinki, domin ke babba ce a kansa. Idan kin ƙi, layi ɗayan zai tsaya.

Kin san halina, Gwaggo. Ni ce mai sake kwafe shafi guda saboda kuskuren harafi ɗaya. Tunanin cewa bayan shekara hamsin wata yarinya za ta buɗe takardun nan ta karanta cewa Khaula ta yi wa ubanta ƙarya, ba ƙaramin tsoro ya ba ni ba. Ga Baffa Maiwada da zai samu abin faɗa har ƙarshen rayuwarsa. Baba ya ce in je in yi tunani zuwa gobe. Na ce ba sai gobe ba, a rubuta duka. Ya dube ni ya ce na tabbata. Na ce na tabbata. Sai ya jawo takardar fensirin ya juya bayanta, ya ce to in fara daga ranar da ya sauke ni a ƙofar makaranta, kada in tsallake komai, kada kuma in yi masa irin karatun rahoton nan na ranar Alhamis. Mun zauna har kiran la'asar, zangon farko kawai muka gama. Ya tambaye ni abubuwan da ban zaci zai damu da su ba, wa ke ɗebo mana ruwa, me nake ci ranar da ba na son abincin makaranta, wace ce ta fara yi mini magana a aji. Bai yi murmushi ba ko sau ɗaya. Amma ya ce gobe in biyo shi gonar gabas, a ci gaba a can.

To ga abin da ya kawo ni. Na farko, ki yafe mini. Ni na sa ki rantsuwa, ni kuma na warware ta ba tare da na faɗa miki ba, na bar ki da ƙanenki yana jin ciwonki. Ba zan ɓoye miki ba, ransa a ɓace yake da ke, ya ce ni yarinya ce amma ke fa. Ya ce ba zai kira ki ba sai takardar nan ta isa. Idan ya kira, don Allah ki ɗauka, ko da zai faɗi abin da ba zai yi miki daɗi ba. Na biyu, ina roƙon ki yarda a sa sunanki. Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Shigarwarki ta sauka tana nan tsaf, babu tabo, ga shi zan jawo miki wani rubutun da za a riƙa karantawa bayan ba ma nan, a kan laifin da ni na ja ki ciki. Idan kin ga ba za ki iya ba, wallahi ba zan riƙe ki ba, ke kika kwana tara a kan tabarmar asibiti ba wani ba. Ranar Juma'a za a shigar da na Yaya ko ta yaya. Nawa Baba ya ce zai bar masa fili a ƙasa, ya rufe tawadar ya jira ki. Na tambaye shi filin layi nawa zai bari, don kin san ba zan iya rashin tambaya ba. Ya ce wannan ya danganta da abin da na ba shi.

Ki gaishe mini da Baban Zulfa da kyau, Allah ya ƙara buɗi. Ki gaishe da Zulfa, ki ce mata saƙon lallenta yana cikin ƙullin da ke tare da takardar nan, da Hafizu da Muhyiddeen, Allah ya ba su sa'ar karatu. Inna tana gaishe ki, ta sa miki kuka da daddawa da ƙuli-ƙulin sabuwar gyaɗa. Ita ma ta ji komai yau, ta yi kukanta, ta ce in ce miki Allah ya saka da jinya, sauran maganar kuma sai kun haɗu. Dada da Batula sun bar sallahun gaisuwa. Yaya Badruddeen yana gaishe ki, shi har yanzu bai san komai ba, gobe in mun dawo daga gona nake so in faɗa masa da kaina, ki taya ni addu'a Allah ya wanke mini zuciya a kansa. Ni dai na riga na ce a rubuta, Gwaggo. Saura ke.

Wassalam. 'Yarki mai neman afuwarki,
Khaula Muhammad Bashir.